Ciyawar tsakar gida da bazarar bana

Asabar, 8 ga Fabrairu, 2025

Hunturu ya fara sassautawa. Da asuba har yanzu sai da rigar sanyi, amma kafin azahar mutum ya fara neman inuwa, kuma duk mazaunin Kano ya san abin da ke tafe. Na buɗe wannan littafi ne don kada in maimaita wautar bara.

A Nuwamban 2023 na sayi irin ciyawa na fakiti da aka shigo da shi daga Turai, hoton jikinsa kamar filin ƙwallon Ingila. Na watsa, ya tsiro cikin sati guda. Disamba da Janairu duk wanda ya shigo gidan sai ya tsaya ya ce tubarkalla. Sai azumin 2024 ya zo da zafin nan da har yau ake labarinsa, wanda a garin Kayes na Mali ma'auni ya kai digiri 48.5 ranar 3 ga Afrilu. Mu nan bai kai haka ba, amma kafin ƙaramar Sallah ciyawata ta koma kamar tsohuwar tabarmar kaba. Ba ƙishirwa ta kashe ta ba, safe da yamma nake ba ta ruwa. Irin ƙasashen sanyi ce, jin daɗinta tsakanin digiri 15 ne da 24. Hunturunmu ya ruɗe ta, ta ɗauka a gida take. Da zafi ya haura 30 saiwarta ta daina girma, abincin da take ƙonewa ya fi wanda take haɗawa, ta cinye ajiyarta ta mutu.

Da damina na tumɓuke komai na dasa kiri-kiri, sai ƙarƙashin darbejiyar da ke yamma na sa wadda masu fulawa ke kira kafet, domin ita ta fi jure inuwa. Ranar da aka kawo kiri-kirin Baba maigadi dariya ya yi har da riƙe ciki. Ya ce, "Alhaji, abin da muke yini muna tonewa a gona shi ka ba da kuɗi aka kawo maka?" Na ce, "Baba, abin da ya sa kuka tsane ta shi nake nema." Tana da jijiya mai tafiya a ƙarƙashin ƙasa, ko ka sare samanta ta sake ɓullowa, kuma zafin digiri 27 zuwa 35 shi ne lokacin walwalarta.

Filin mita 8 ne a tsaye, 6 a kwance. Murabba'in mita 48 ke nan.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Na jiƙa filin jiya da daddare, yau na bi shi da guntun rodi ina cakawa taku-taku. A tsakiya rodin yana shiga kusan taƙi guda ba gardama. Inda yara ke bi zuwa famfo kuwa da ƙyar yake shiga rabin haka, ƙasar ta daddaɓe kamar daɓen ɗaki. Amma abin da ya tayar mini da hankali gefen katangar gabas ne. Can rodin bai wuce yatsa huɗu ba sai in ji ƙwas.

Na kira lebura biyu suka ɗaga ciyawar wurin a hankali, fala-fala da ƙasarta, muka jera a inuwa muka rufe da jiƙaƙƙen buhu. Abin da ke ƙasa ba ƙasa ba ce. Fasassun bulo, busasshen kwaɓin siminti, buhunan siminti biyu, har da takalmin roba ƙafa ɗaya. Magina sun binne sharar su, sun yayyafa jar ƙasa a kai, ni kuma na zo na dasa ciyawa a kan yatsa huɗu na ƙasa ina mamakin abin da ya sa nan ne ke fara bushewa kullum. Ƙasa mai kaurin yatsa huɗu ruwan yini ɗaya kawai take riƙewa, bulon da ke ƙarƙashi kuma yana ɗaukar zafi ya gasa saiwar daga ƙasa. Ga katangar kanta, fuskarta ta ciki yamma take kallo, tun daga azahar har magariba rana na dukanta tana maido wa ciyawar da hucin.

Baro biyar muka kwashe. Muka cike da baƙar ƙasar gona baro shida, muka mayar da ciyawar muka danna.

Lebura naira 8,000. Ƙasa 6,000.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Huda ƙasa. Na sayi cokalin tono mai yatsu huɗu a kasuwar Ƙofar Ruwa, 7,500. A caka shi ya shiga kamar tsawon yatsa da rabi, a ɗan girgiza gaba da baya, a zare, a matsa taƙi guda a sake. Ni da Baba muka yi, daga hantsi har la'asar da hutu biyu. Bayana bai gode mini ba.

Bayan nan muka haɗa yashi baro takwas da takin shanu buhu shida wanda ya shekara ya ruɓe, muka tankaɗe da rariyar magina, muka baza sama-sama muka bi da manjagara har ya shige ramukan. Ba a binne ganyen, kansa ya riƙa leƙowa. Mai takin ya so ya haɗa ni da kashin kaji, wai ya fi ƙarfi. Ƙarfin nasa nake gudu, ɗanyensa ƙona ciyawa yake yi.

Yashi 8,000, taki 9,000, mai kurkurar da ya kawo 3,000.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Yau na zauna na yi lissafin ruwa, abin da ya kamata in yi tun bara.

Milimita ɗaya ta ruwa a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Abin da aka saba ba ciyawa a sati milimita 25 ne, to nawa filin zai sha lita 1,200. Jarka 48 ke nan ta lita 25, ko kura huɗu ta 'yan garuwa mai jarka 12. Tankina lita 2,000 yake ci. Wato fiye da rabin tanki a sati, kuma wannan kafin Afrilu ne.

Bara da tiyo nake tsayawa in fesa minti goma safe da yamma, in ga saman ya yi duhu in ce ta sha. Irin wannan ruwan yatsa ɗaya yake jiƙawa. Saiwa kuwa inda ruwa yake nan take tsayawa, sai ta taru a sama, daidai wurin da rana ke mayarwa tanda. Bana na juya abin: sau biyu a sati, lita 600 kowane zuwa, don ruwan ya nutsa saiwar ta bi shi.

Na sayi kan yayyafi mai juyawa, 6,500. Na jera gwangwanayen madara biyar a wurare daban-daban na kunna, ina aunawa da rular yarinyata ta makaranta. Minti 40 ya tara kusan milimita 12 a na tsakiya, na kusurwa ko rabi bai samu ba. Dole in riƙa matsar da shi, ko in cike kusurwoyin da hannu.

Asabar, 1 ga Maris

An tashi da azumi. Ban ruwa ya koma bayan sallar asuba, Talata da Asabar. Lokacin iska kwance take, rana ba ta fito ta ɗauke rabin ruwan ba, ganyen kuma zai bushe da hantsi.

Talata, 4 ga Maris

Kwana uku ba ruwa, gefen hanya ya yi toka-toka, ganyen ya nannaɗe, na taka sawuna ya tsaya bai tashi ba. Alamar ƙishi ke nan. Uwargida ta ce tun jiya ya kamata in ba ta. Na ce horo nake yi mata.

Asabar, 8 ga Maris

Yanka. Na kwance wuƙar injin na kai wa mai walda ya wasa, 1,500. Dakusasshiyar wuƙa yaga ganye take yi, bakin ya yi fari-fari ya bushe, ruwa ya riƙa fita ta wurin raunin. Na ɗaga injin zuwa ramin ƙarshe, ciyawar ta tsaya kusan santimita 5, maimakon askin ƙwal-kwabo da nake yi mata da. Doguwar ciyawa tana yi wa ƙasarta inuwa, kuma gwargwadon ganye gwargwadon saiwa. Ƙa'idar da na riƙe: kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku a yanka guda. Abin da aka yanke na bar shi a wurin.

Takin ya zo da baƙi. Tsidau da harƙiya sun tsiro nan da can, sai aya-aya kusa da famfo. Biyun farko da hannu muka cire. Aya-aya kuwa sai an bi ta an tono 'ya'yanta, in ba haka ba wasa ake yi.

Asabar, 15 ga Maris

Na yanko ɗan gutsure a tsakiya da wuƙa don in ga ƙasan. Fararen saiwoyi sun fi na watan jiya zurfi, sun bi ramukan da muka huda. Na mayar na danna. Babu wani abu kuma.

Litinin, 24 ga Maris

Ɓarna.

Ranar Alhamis na je Kaduna na kwana biyu. Ƙanena da ke zaune wurinmu yana karatu ya ga ciyawar ba ta yi kore shar yadda yake so ba, ga Sallah ta matso, ya yi niyyar ba ni mamaki. Ya sayo yuriya mudu guda ya watsa da hannu da tsakar rana a kan busasshiyar ƙasa, bai bi da ruwa ba, wai sai ranar ban ruwa. Na dawo Asabar da yamma na tarar da filin da tabo-tabo ruwan ƙasa, har ana gane yadda hannunsa ya riƙa wurgawa, wani wurin kamar baka.

Yuriya kusan rabinta sinadarin naitirojin ne, kashi 46 cikin 100. In ta taru a wuri ɗaya ba ruwa, janye ruwan jikin ciyawar take yi, kamar yadda gishiri ke tsotse nama. Ko da bai ƙona ba ma, ba lokacinsa ba ne. Takin zamani mai sa ganye yana tilasta wa ciyawa fitar da sabon toho mai laushi mai shan ruwa, daidai lokacin da nake so ta rage gudu ta tattala abin da ke gare ta. Filin nan duka, ko da damina, abin da zai ci a zubi ɗaya bai kai rabin abin da ya watsa ba.

Ya tsaya yana sosa ƙeya. "Yaya, wallahi gyara na yi niyya." Ina azumi, na haɗiye abin da ya zo bakina. Na ce ya ɗauko tsintsiya. Muka share ƙwayoyin da ba su narke ba, sannan na sakar wa filin tanki guda cur a daren, don ruwan ya wanke sauran zuwa ƙasa. Jiya na ƙara rabin tanki. Horon da na yi sati uku ina yi ya tafi, ga man janareta, lita ta kusa naira dubu.

Wuraren da suka ƙone sun kai goma sha ɗaya, mafi girma kamar faifai biyu.

Talata, 1 ga Afrilu

An yi Sallah ranar Lahadi lafiya. 'Yan uwa sun cika gida, yara sun yi ta guje-guje a kai, wannan ban hana ba, don su aka yi ta. Amma an bar tabarmar roba shimfiɗe a kai tun safiyar Sallah har yammacin jiya. Da aka ɗaga, ga hotonta nan kusurwa huɗu, rawaya kamar an dafa. Dafawar kuwa aka yi, roba ta tare iska ta tara zafi. Na kafa doka: tabarma a kan daɓe, ko a ɗauke kafin hantsi.

Tabon yuriya bakwai sun fara kore daga gefe, kiri-kirin tana miƙo hannu.

Laraba, 9 ga Afrilu

Abin da nake tsoro ya faru. Tun makon jiya sumo, injin da ke cikin rijiyar burtsatsenmu, ke jan ruwa minti goma ya fara tari, sai iska. Ruwan rijiyar burtsatsen ya ja ƙasa, kamar yadda yake yi wa unguwa duk ƙarshen rani, amma bana ya sauka ƙasa da inda injin yake rataye. Mai gyara ya zo ya duba, ya ce sai an ƙara bututu an zurfafa shi, ya karɓi kuɗin kaya ya ce jibi. Abin da muke samu yanzu da ƙyar yake isar girki da wanka.

Ga famfon da na fitar ƙofar gida don maƙwabta, tun asuba yara ke jera jarkoki. Jiya na rufe shi da wuri don in tara na ciyawa. Uwargida ta same ni a tsakar gida ta ce, "Maigida, mutane na komawa da jarka ba ruwa, kai kana tara wa ciyawa? Me za a ce da mu?" Ban da amsa. Na buɗe famfon.

Na kira ɗan garuwa. Jarka ta koma naira 200, kura 2,400. Na sayi biyu, lita 600, muka zuba da bokiti. A zafin nan milimita 25 ma ba ta isa ta riƙe kore, don abin da rana da busasshiyar iska ke ɗauka a sati ya wuce haka. In na ce sai duka filin ya zauna kore, kura shida nake nema a sati, 14,400. Albashi ba zai ɗauka ba, kuma ko zai ɗauka da kunya.

Asabar, 12 ga Afrilu

Na raba filin biyu da igiya. Rabin yamma, mai samun inuwar darbejiya da la'asar, shi zan ci gaba da shayarwa, kura biyu a sati. Rabin gabas na sallame shi ya yi barci. Kiri-kiri in ta rasa ruwa takan zubar da koren ta bushe a sama, ranta ya koma cikin jijiya ya jira. Sharaɗin shi ne kada a riƙa tashinta ana mayarwa, yau a jiƙa ta yi toho gobe a bari ya ƙone, wannan ke cinye ajiyarta. Kura ɗaya duk sati biyu, don jijiyar kada ta bushe ƙurmus. Ba yanka, ba taki, ba takawa, domin busasshiyar ciyawa karyewa take yi ba ta tashi.

Kafet ba ta da wannan haƙurin, jijiyarta a saman ƙasa take. Baba ne ya kawo dabara: ya haƙa 'yar kwata daga wurin alwala zuwa gindin darbejiya. Gida mai mutum tara, salla biyar, ruwa ne ba kaɗan ba. Ruwan wankin shinkafa da na kayan miya ma can. Na wanki mai sabulu da bilic na hana.

Asabar, 19 ga Afrilu

Mai gyara bai zo ba. Wayarsa a kashe.

Gara ta shiga rabin gabas. Da safe na ga ta yi rufin ƙasa a kan busasshen ganye, wurare uku, in ka murje sai ka ga ta cinye abin da ke ciki. Laifina ne ta wani ɓangaren, yankakkiyar ciyawar da na bari tun Maris ta taru ta bushe ba ta ruɓe ba, na shirya mata walima. Muka bi da manjagara a hankali muka kwashe, muka farfasa rufin. Wani ya ba ni shawarar maganin feshi, na ƙi, saboda yara da kajin uwargida. Baba ya daka 'ya'yan darbejiya ya jiƙa kwana ɗaya muka zuba. Kajin ma na sake su a wurin, sun yi aiki fiye da mu.

Talata, 22 ga Afrilu

A 'yan kwanakin nan rana ke bi ta tsakar ka a Kano, da azahar inuwar mutum tana ƙarƙashin ƙafarsa. Na fita ba takalmi don gwaji. Kan koriyar ciyawa na tsaya ba damuwa. Kan busasshiyar da ɗumi sosai. Kan daɓen siminti ko ƙirga uku ban yi ba. Ciyawar da ke manne da daɓen, faɗin tafin hannu, ta ƙone duk tsawonsa, har a ɓangaren da nake shayarwa.

Na jingina zana biyu a katangar gabas don ta rage hucin.

Asabar, 26 ga Afrilu

Mai gyara ya bayyana, da dogon labari. An ƙara bututu, ruwa ya dawo. Kura bakwai na saya gaba ɗaya, 16,800. Ban tashi rabin gabas ba duk da haka, zan bar shi har ruwan sama.

Asabar, 3 ga Mayu

Iska ta juya, ta fara zuwa da laima, dare ya yi nauyi. Hadari ya haɗu a gabas shekaranjiya, ya yi ƙura ya baje.

Na gwada rabin da ke barci. In ka kama tsagi ka ja ya riƙe, da rai. In ya taho a hannu kamar gashin da aka aske, ya mutu. Wuri goma na ja, takwas suka riƙe. Na tona ɗaya, jijiyar fara ce, da danshi in ka karya. Biyun da suka taho, ɗaya babban tabon yuriya ne, ɗaya inda gara ta fi ci. Gefen katanga, inda muka kwashe bulo, ya riƙe gam. Bara nan ne ya fara mutuwa.

Asabar, 10 ga Mayu

Na tara kuɗin: 66,300, ban da man janareta da gyaran sumo, waɗanda na gida ne duka. Uwargida ta ce in an sa su ciki an kusa sayen ragon layya. Ban ja ba.

Abin da ke gaba. In ruwa ya sauka sau biyu ko uku ƙasa ta jiƙu sosai, zan tsinko jijiyoyi daga rabin yamma in dasa a wuraren da suka mutu, tazarar taƙi guda. Takin zamani sai a lokacin, mai 15-15-15, kaɗan, a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, kuma ni da hannuna. Hanyar famfo zan jera mata duwatsun takawa. Mita ɗaya na bakin katangar gabas zan cire ciyawar gaba ɗaya in sa zogale da lalle, su yi wa katangar inuwa, filin ya ragu zuwa murabba'in mita 42. Ina kuma neman tanki na biyu da zan tara ruwan indararo.

Baba ya ce in damina ta kankama in ba shi aron injin yankan, kiri-kiri ta cinye masa gefen gona a ƙauye. Na ce masa inji ba ya kashe ta.